Ƙahon Ɗan'azumi

A Tudun Ƙirya, wani ƙauye da ke gefen hanyar Matankari, babu asibiti, babu rijiyar da ke kaiwa ƙarshen rani da ruwa, amma akwai ƙaho. In baƙo ya tambayi abin da garin ke taƙama da shi, ba a kai shi rumbun gero ko na wake. Sai a nuna masa gidan marigayi Ɗan'azumi, inda ƙahon ke kwance cikin wata tsohuwar kwalla, an naɗe shi da farin ƙyalle.

Ba ƙahon dabba ba ne. Farin ƙarfe ne marar nauyi, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, bakinsa da faɗi kamar na mazurari, gindinsa ya tsuke, da guntun roba busasshiya maƙale a wutsiyarsa. A gefe akwai ɗan maratayi, da wasu lambobi da shekaru suka cinye rabinsu. Ɗan'azumi ya zo da shi daga Yamai, inda ya yi aiki a filin jiragen soja a ƙarshen zamanin Faransawa. Wane aiki ya yi? Wannan ya danganta da ranar da aka tambaye shi da kuma yawan mutanen da ke zaune. Abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa a bakinsa ba har ya koma ga Allah: ta cikin wannan ƙaho matuƙin jirgi ke magana da mutanen ƙasa daga cikin gajimare, kuma shi da kansa ya sha kafa baki a ciki ya gaisa da Dakar.

Mutanen Tudun Ƙirya suka yi tunani irin nasu. Abin da ke sauko da murya daga sama har ƙasa, ai ba zai gaza fito da ita daga maƙogwaron yaro ba. Tun daga nan, duk yaron da ya yi nauyin baki sai a kawo shi safiyar Juma'a, a toshe wutsiyar ƙahon da yatsa, a cika shi da ruwa, a ba shi ya sha. Daga yara abin ya kai ga masu i'ina, ya kai ga maroƙa, ya kai ga samarin da ke tsoron buɗe baki a gidan surukai. Yaro kuwa, in an bar shi, wata rana zai yi magana, ko ya sha ko bai sha ba. Amma ba wanda ya taɓa barin nasa don ya gani. Matar marigayin, tsohuwa Baturiya, ita ke riƙe da kwallar, ita ke ɗura ruwan, ita ke karɓar goro.

Ɗansu Faruku shi ne daraktan lekkol, wato makarantar bokon garin, shi ya sa kowa ke kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Mutum ne mai tsabtar riga da tabarau, wanda ba ya iya cewa a kawo masa ruwa sai ya haɗa da Faransanci. In yana tare da ƴan'uwansa malaman boko a Dogon Dutsi, yakan yi murmushi ya ce shan ruwa a ƙaho camfi ne na mutanen karkara. Ruwan ne kawai ya ƙaryata. Ubansa kuwa ya gaskata shi gaba ɗaya, har da Dakar.

Shekarar da wata ƙungiya ta rushe ajujuwan zana ta gina lekkol ta siminti, aka ce garin ya zaɓi sunan da za a rubuta a bisa ƙofa. Faruku bai yi tunanin akwai abin zaɓa ba. Wa ke da suna a Tudun Ƙirya in ba mutumin da ya shiga jirgin sama ba? Har ya sa an gwada masa fenti a bayan wani kwali, ya ga yadda sunan ubansa zai fito da shuɗi.

Sai Alhaji Zakariya, mai sayen wake yana kaiwa ƙetaren iyaka, ya tashi a gaban Maigari ya ce shi ma yana da uba.

"Ubana ya ciyar da rabin garin ga shekarar yunwa," in ji shi. "Naka hwa, Mushe? Mi ya kawo muna? Mazurari."

"Ƙahon magana na jirgin yaƙi, Alhaji. Kayan tarihi."

"Wa ya ce? Shi ya ce. Ni ma in na tahi Yamai na dawo da murfin tukunya sai in ce hular gwamna ce."

Aka yi dariya, kuma dariyar ta fi zagin ciwo. Maigari, wanda ba ya son ɓata wa mai wake rai, ba ya kuma son ɓata wa mai rubuta masa takardu, ya ce a samo wanda ya san jirgi ya duba ƙahon a gaban jama'a. In ya tabbata abin magana ne, lekkol ta Ɗan'azumi ce. In ba haka ba, ta uban Alhaji.

Faruku ya yi tambaya har aka kwatanta masa wani Ajidan Adamu a Tibiri, tsohon makanikin sojan sama da ya kai muƙamin ajidan, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin tsofaffin jiragen da Faransa ta bar wa ƙasar don ta huta da su. Ya hau babur ya tafi. Ya same shi zaune a ƙofar gida cikin tsohuwar rigar soja, da lambobin girma a ƙirji, tsakiyar rana, ba biki ba komai. Ƙarar injuna ta kashe masa kunne tun da daɗewa, don haka ba ya jin kowa sai an ɗaga masa murya, kuma ya ɗauka kowa ma ba ya jin sa. Duk abin da zai faɗa da ihu yake faɗa.

Faruku ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwatanta ƙahon da baki da hannu, ya yi bayanin ubansa da matuƙi da Dakar.

"DAKAR!" in ji Ajidan. "NA SAN TA! NA YI WATA SHIDA CAN! KIFI KAWAI SUKE CI!"

"Baba Ajidan, abin da nike so ka zo ka shaida wa mutane cewa na jirgi ne."

"JIRGI? BABU ƘUSA ƊAYA A JIKIN JIRGI DA BAN SAN SUNANTA BA! KO KANAR NI YAKE TAMBAYA!"

Faruku ya ɗauki wannan a matsayin alkawari. Da mai hankali ne, da ya ɗauki hoton ƙahon a waya ya nuna wa tsohon a keɓe. Faruku ma ya yi wannan tunanin, ya ture shi. Yana son ya ga fuskar Alhaji Zakariya a lokacin da gaskiya za ta faɗo masa a ka, kuma yana son shi ma ya ji ta sabuwa fil tare da kowa, don mamakin da zai yi ya zama na gaske.

Da ya gaya wa uwarsa za a fitar da ƙahon gaban taro, ba ta ɗago daga tsince wake ba.

"Mi za a tambaye shi?"

"Ba shi za a tambaya ba, Inna. Wani masani ne zai hwaɗi sunansa na gaskiya."

"Yana da suna. Shekara nawa yana aiki ba wanda ya nemi takardarsa."

"Zakariya ya ce Baba maƙaryaci ne."

"Zakariya." Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake ga kaji. "To, ni zan ɗauko shi da hannuna, ni zan maido shi. Kai kuwa, Mushe, da ka bar abin da ke kwance ya yi kwanciyarsa."

Ranar taron aka shimfiɗa tabarmi a harabar sabuwar lekkol, ƙarƙashin itacen bedi guda da masu gini suka manta ba su sare ba. Maigari a kujera, Liman a gefensa, Alhaji Zakariya cikin shadda mai ƙara kamar takarda. Mata suka tsaya daga baya da goyo. Ajidan Adamu ya iso a bayan babur ɗin kabu-kabu, ya sauka ya sara wa Maigari, ya sara wa Liman, har ya sara wa wani jaki da ke ɗaure jikin katanga, wai don ya nuna yana da raha.

Faruku ya yi jawabi. Ya fara da Hausa, ya ga ba ta ɗauke nauyin abin ba, ya koma Faransanci, ya dawo. Ya yi maganar tarihi da ƴaƴan ƙasa da waɗanda suka ɗaga sunan Arewa har sama. Sannan Baturiya ta taho a hankali, ta ajiye kwalla, ta warware ƙyallen, ta miƙa wa baƙo ƙahon da hannu biyu.

Ajidan ya karɓa da hannu ɗaya. Ya juya shi, ya duba maratayin, ya kankare lambobin da farce, ya latsa guntun robar. Fuskarsa ta washe kamar ya ga abokin da ya ɗauka ya mutu.

"KAI! KAI! INA KUKA SAMO WANNAN?"

"Na jirgi ne, Baba Ajidan?" Faruku ya tambaya da ƙarfi, yana kallon Alhaji.

"NA JIRGI NE MANA! NA MANYAN NAN MASU ƊAUKAR SOJA DA KAYA! GA LAMBARSA NAN!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Faruku ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya gyara tabarau, ya ce, "To ka gaya wa jama'a aikinsa."

"AIKINSA? NA FITSARI NE!"

Guɗar ta yanke a tsakiya.

Tsohon bai ji ta yanke ba, kamar yadda bai ji ta fara ba. Ya ga idanu a kansa, abin da ya daɗe bai samu ba, sai ya shiga darasi. Jirgin nan, in ji shi, yakan yi rabin yini a sama, kuma matuƙi ba zai ce a tsaya a gefen hanya ya zaga bayan geza ba. Saboda haka ga wannan, rataye a ƙarƙashin kujerarsa. Ya nuna maratayin. In ta matsa masa sai ya ciro. Ya buɗe ƙafafu a gaban Maigari da Liman da matan aure, ya riƙe ƙahon inda ake riƙe shi, don kada wani ya ce bai gane ba. Robar nan kuwa doguwa ce a da, tana bi ta cikin jirgin ta fita waje ta ƙasa, iska ta ja.

"SHI YA SA IN JIRGI YA WUCE BA A ƊAGA KAI A BUƊE BAKI!" Ya yi dariya shi kaɗai har lambobinsa na kaɗawa.

Faruku ya matso kusa da kunnensa. "Ba a magana a ciki? Da ƙasa? Ko kaɗan?"

"MAGANA? SABBIN KURATA MUKE SA WA SU YI MAGANA A CIKI, MU CE KANAR NA JIN SU! SU KAFA BAKI SU YI TA GAISUWA, MU KUWA MUNA MUTUWA DA DARIYA!"

A nan ne Faruku ya san gaskiya ce. Da tsohon ya tsaya a fitsari, da ya iya ce wa kansa kuskure ne, ƙarfe na kama da ƙarfe. Amma ya ga ubansa, saurayi daga ƙauye, ya kafa baki yana gaida Dakar da ladabi, wasu na riƙe da ciki a bayansa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sunan da ya sa aka gwada da shuɗi a bayan kwali ya tafi, kuma shi da ƙafarsa ya je Tibiri ya ɗauko wanda ya tafi da shi.

Alhaji Zakariya ne ya fara farfaɗowa. Dariya ta taso masa daga ciki, shaddarsa na motsi. "Ranka shi daɗe," ya ce wa Maigari, "ina ganin magana ta ƙare. Sai dai in za a rubuta sunan a ƙofar makewayi."

"Zakariya."

Baturiya ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi ƙahonta daga hannun Ajidan tana goge shi da gefen mayafi.

"Shekararka huɗu ba ka ce inna ba. Uwarka ta kawo ka tana kuka, ta ce ta haihi bebe. Ka sha, ka lashe bakin, ka miƙo hannu a ƙara maka. Juma'a nawa kuka yi kuna zuwa? Ni na gaji da ku."

Alhaji ya daina dariya.

Ta juya ga Liman. "Allah gafarta Malam, kai da girmanka ka zo, da gemunka, ana gobe za ka hau mumbari karo na hwarko. Ka ce kana tsoron muryarka ta ƙi fita. Ka ce kar in gaya wa kowa, ban kuwa gaya ba." Ta dubi kujerar Maigari. "Ranka shi daɗe, kai ba zan ce komai ba, ka san ranar da Perfe, wakilin gwamnati, ya zo." Sannan ta ɗaga kai ga taron, tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awakinta da yamma. Duk wanda idonta ya sauka a kansa sai ya sami abin kallo a ƙasa. Wani ya tofar da yawu a ɓoye. Wata ta sa hannu ta rufe bakin ɗan da ke bayanta, wanda aka ba ruwan ƙahon Juma'ar da ta wuce.

Ba wanda ya yi maganar mutanen Matankari da na Ɗan Kassari, amma kowa su yake tunani. Ranar kasuwa na zuwa. In labarin nan ya fita a yadda yake, ba ɗan Tudun Ƙirya da zai sake buɗe baki a cikin mutane ba a tambaye shi da me aka buɗe masa shi ba. Za a sa wa garin suna, irin sunan da jikoki ke gada. Ba mai neman aure daga nan da zai sha ruwa a gidan surukai ba a yi ƙus-ƙus a bayan zana ba.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce, a fahimtarsa, shaidar mutum ɗaya ba ta tabbatar da najasa, balle mutumin da shekaru suka yi masa yawa. Ya ce kowa ya ga bawan Allah nan ya sara wa jaki.

"Ya sara masa," in ji wani daga baya, da sauri. "Da idona na gani."

"Kuma kurma ne," in ji wani. "Ta yaya kurma zai san abin magana?"

Wannan hujja ta yi wa jama'a daɗi ƙwarai. Aka yi ta maimaita ta, tana ƙara ƙarfi a kowane baki. Maigari ya ce shi dama tun saukar baƙon ya lura idonsa ba daidai yake ba. Ya ce abin da aka nema shi ne a san ko ƙahon na jirgi ne, kuma an ji da kunne na jirgi ne, har da lamba. Sauran zancen tsufa ne. Ya waiwayi Alhaji Zakariya ya tambaye shi ko yana da ja.

Alhaji ya juya zoben hannunsa. Yana iya samun ƙofar lekkol ga ubansa, in ya yarda shi ne yaron da ya lashe baki ya nemi ƙari. Ya auna, kamar yadda yake auna wake.

"Ni dama raha nike yi da Mushe," ya ce. "Wa bai san Baba Ɗan'azumi ba? Mutumin da ya yi magana da Dakar. A rubuta sunansa. Fentin ma ni zan saya."

Aka yi fatiha. Mata suka sake guɗa, gajeriya. Mutane suka zo suna ba Faruku hannu, ba wanda ya dubi idonsa, shi ma bai nemi na kowa ba. Baturiya ta naɗe ƙahon ta mayar cikin kwalla, ta ɗora a ka ta bi hanyar gida, aka buɗe mata hanya fiye da yadda aka saba.

An dafa wa baƙo kaza, amma ba wanda ya tuna da ita. Faruku ya ja Ajidan Adamu ta bayan ajujuwa zuwa inda mai kabu-kabu ke jira. Tsohon yana ta murna, bai san an yanke masa hukuncin hauka ba.

"SUN JI DAƊIN BAYANIN KO? MI AKA CE?"

"An sa wa lekkol sunan babana," in ji Faruku a kunnensa.

"MADALLA! SHI YA ZO DA SHI? TO A WANKI YA YI AIKI! MU A ZAMANINMU WANDA YA YI LAIFI AKE BA WANKIN IRIN WANNAN ƘAHO, AMMA FARANSAWA LEBURA SUKE ƊAUKA!"

Faruku ya waiwaya. Ba kowa kusa sai jakin. Ya taimaka wa tsohon ya hau, ya gyara masa rigar da ta naɗe, sannan ya ce wa mai babur ya bi ta hanyar gonaki, kada ya ratsa kasuwa, kada kuma ya tsaya ko'ina sai Tibiri.